Abin da Luba Ta Tsallakar

Ruwan da aka yi makon jiya ya sami kafa a rufin ɗakin ajiyarmu, ya yi ta ɗiga a kan buhun gero har bakin buhun ya jiƙe. Ba wata ɓarna ce mai yawa ba. Luba, matata, ta kwashe wanda ya jiƙe ta shanya a tabarma a tsakar gida, ta ci gaba da hidimarta. Ni ne da na dawo daga aiki warin ya tare ni tun daga zaure, wani tsami-tsami mai ɗumi irin na ƙullun da ya kwana. Na tsaya da jaka a kafaɗa, na kasa ƙarasawa ciki. Shekaru sun ja. Safiya, 'yarmu ta fari, wadda a lokacin take goya ɓawon masara a matsayin 'yartsana, yanzu tana shirin gama makaranta. Amma hancina bai manta ba.

Aikina kula da ƙarafunan sabis ne, dogayen nan da ake kafawa a bakin gari don waya ta samu. Yanzu na fi zama a ofis gaban kwamfuta, ina ganin wanda ya tsaya da wanda ke aiki, in tura wasu su je. A wancan lokacin ni ake turawa. Babur ɗaya, jakar kayan aiki ɗaya, tsakanin Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke bayansu. In inji ya tsaya ni ne, in batir ya mutu ni ne, in tsawa ta ƙona wani abu ni ne. Ba ni da Juma'a, ba ni da Lahadi. Sau da yawa Luba za ta ajiye mini tuwo, ina wanke hannu waya ta yi ƙara, in tashi in bar shi da zafinsa.

Muna zaune a wani ɗan gida na ƙasa a gefen Jega, can gangaren da ke kallon fadama. Ɗaki biyu ne da ɗakin ajiya. A ɗakin ajiyar akwai geron da 'yan'uwana ke aiko mini daga gonar gado a Birnin Malam, wanda shi ke kai mu daga kaka zuwa kaka. A ɗakina kuwa akwai littattafai.

Ban san yaushe son littafi ya kama ni ba, na dai tashi da shi. Akwai wani dattijo da ke baje tsofaffin littattafai a kan leda kusa da tasha, ban taɓa wuce shi hannu rabbana ba. Tarihi, labarai na Hausa da na Turanci, littattafan lantarki, har waɗanda bangonsu ya yage babu suna. Na cika akwatin ƙarfe, na cika kwalaye, saura na jera a kan katako. Ɗan lokacin da aiki ya rage mini, su nake bai wa. In na dawo da la'asar, sai in ja tabarma gindin darbejiya in buɗe littafi, Luba ta ja yara gefe tana cewa, "Ku bar shi, karatu shikai." Akwai ranar da Safiya ta yage shafi ta yi jirgi da shi. Ban dake ta ba, ban ma ɗaga murya ba. Shiru kawai na yi, shirun da ya kai har washegari. Ni na manta da abin. Ashe gidan bai manta ba.

Daminar wata shekara ta zo da nauyi. Tun farkonta ƙasa ta ƙoshi, ga shi ruwa bai fasa ba. Sama ta riƙa wuni a rufe, rana ta leƙo kamar mai jin kunya ta koma. Kaya ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. Katangu suka jiƙe har rabi, in ka jingina sai jar ƙasa ta bi rigarka. Kwaɗi kuwa har da rana tsaka kuka suke. Gulbi ya cika ya batse, shinkafar fadama ta nutse sai kunnuwanta, mutane suna zuwa bakin ruwa da safe su kafa kara su ga inda ya kai.

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka kira ni cewa wani ƙarfe a bayan Maiyama ya mutu, ƙauyuka da dama ba su da sabis. Luba tana tankaɗe na fito da babur. Ta dubi sama, ta dube ni.

"Malam, hadarin ga bai yi mini ba."

Na ce, "Yanzu zan dawo, kafin la'asar."

Ban dawo ba. Ina cikin aikin ruwa ya sauko, irin wanda ba iska ba tsawa, zuba kawai kamar da bakin ƙwarya. Na fake a ɗakin inji tare da maigadin wurin. Da ya tsagaita muka fito, sai muka tarar kwalbatin da na bi na shigo ya tafi, wurin ya zama rafi mai ja da itatuwa. Ba hanyar komawa. Na koma kan aikin, tunda ba abin da zan iya sai shi. Dab da magariba fitilun na'ura suka koma kore, sabis ya dawo. Wayar farko da ta bi ta ƙarfen nan tawa ce.

Ta daɗe tana ƙara kafin Luba ta ɗauka. A bayanta ina jin hayaniyar mutane da kukan yara.

"Luba, ina kuke?"

"Muna makarantar hiramare, bisa tudu. Ruwa ya shiga gida." Muryarta a dishe take. Kafin in ce komai ta ƙara da cewa, "Amma kar ka damu, Malam. Takardunka ba su jiƙe ba. Ko guda."

Na tambayi yara, ta ce lafiya lau suke. Na tambaye ta ita, ta ce lafiya. Sai wayarta ta mutu.

Na zauna a kan dakalin inji. A cikin ƙiftawar ido ta farko, kafin hankalina ya dawo, na ji wani sanyi a raina da aka ce ba su jiƙe ba. Bayan nan ne maganar ta fara juya mini. Ban tambaye ta littattafai ba. Ita ce ta ga cewa, a cikin duk abin da ya same su a ranar, wannan ne labarin da zan fi son ji.

Sai bayan kwana biyu na samu na tsallako, wasu Fulani suka taya ni ɗaga babur ta wani mashigi. Da na iso unguwarmu ruwa ya ja baya, ya bar laka har ƙauri. Ɗakunan kwana suna tsaye, amma katangar ɗakin ajiya ta zauna a kan buhunan. Maƙwabcina Sahabi, wanda ke tura kaya a amalanke a kasuwa, shi da wasu mutum biyu suna tone su. Da suka farke buhun farko, warin nan ya bugo. Geron ya kumbura, ya yi zafi kamar an dafa shi, har ya fara fitar da farin tsiro.

Sahabi ya share hannunsa a wando, ya ja ni gefe. Mutum ne marar kwana-kwana.

"Injiniya, ba ni son ka ji ga bakin wani ka ce ban yi ƙoƙari ba. Da ruwa ya taso, sai da na kwashe nawa iyali, sannan na zo da amalanke ƙohwar gidanka. Sawu guda ya rage a iya yi. Na ce ma matarka, mi za a ɗauka? Ni na nuhi wajen hatsi. Ta ce a'a, akwatin ga da kwalayen ga. Na ce mata, ke, hatsi hwa? Ta ce in dai taimakonta za ni yi, takardu."

Ya ci gaba da bayani.

"Waɗanda ba su shiga amalanke ba, bisa kai ta kwashe su. Ta kai yara wajen matata, ta dawo. Ta tahi, ta dawo. Ruwa na gwiwa, har ya kai mata ƙugu. Da ta ce za ta koma ta ɗebo gero ga kwano, mu munka hana ta. Ba a jima ba ginin ya zauna."

Na yi masa godiya. Ban iya kallon idonsa ba, sai amalanken nasa nake kallo.

A makarantar na same su a wani aji da iyalai da yawa, kowa ya kama kusurwa da abin da ya tsira da shi. Wannan buhun masara, wancan akuya da tukwane, wata ta rungume keken ɗinki. A kusurwarmu akwai tabarma ɗaya, ƙullin kayan yara, da tulin littattafai da aka ɗora a kan benci aka lulluɓe da zanen Luba. Ita tana zaune a ƙasa tana ba wa ƙaramin ɗanmu nono. Ƙafarta ɗaya a ɗaure da tsumma, wani abu ya yanke ta a cikin ruwa. Na yi sallama. Matan suka amsa, suka bi ni da ido har na durƙusa.

Washegari mahaifin Luba ya zo daga Jandutsi. Baba manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani, mutum mai ƙarancin magana. Ya dubi gidan, ya dubi geron da aka baje a kan leda ko zai yi rai, ya damƙi kaɗan ya shinshina ya zubar.

"Wanga sai awaki," ya ce. "Ku tattara ku taho gida, har a ta da gini."

Na fara cewa zan nemi ɗakin haya, ya ɗaga hannu. Ɗakin haya ma a lokacin babu, rabin gangaren ne ke neman wurin kwana. Haka aka ɗora mu a motar ɗaukar albasa, mu da tabarma da tukwanen da aka tono, da littattafai. Su suka fi cin wuri.

Wanda bai taɓa zaman gidan surukai ba, ba zai san nauyinsa ba. Aka ba ni shigifa kusa da zaure, Luba da yara suna ciki wajen Inna, mahaifiyarta. Aka jera bulo aka ɗora littattafan a ɗakin da nake, don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Baba da kansa ya sa aka yi haka. Kullum in na buɗe ido su nake fara gani, a bushe, tsaf, ko gefensu bai lanƙwashe ba.

Lokacin kuwa shi ne mafi tsanani a shekara ga manomi. Tsohon hatsi ya zo ƙarshe, sabo yana gona bai nuna ba. Rumbun Baba an auna shi ne da bakunan gidansa, ga mu mun ƙaru. Da asuba nakan ji Inna ta sa an hau rumbu an miƙo dami, sai sussuka, sai daka. Da farko dakan yakan kai har rana ta fito. Sannu a hankali ya riƙa gajarta. Ban taɓa shiga ciki na ga abin da ake aunawa ba, a kunne nake jin rumbun yana ƙarewa.

Da safe kunu ne, tsararo, ba sukari. Da rana mata su shiga bayan gari su tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Tuwo sai dare, shi ma malmalar ta ƙanƙance, miyar kuka ta zama ruwa-ruwa. Amma kwanon da ake kawo mini shigifa kullum a cike yake. Na san daga bakin wasu aka rage aka cika shi. In na cinye, na ci rabon yara. In na rage, Inna ta aiko a tambaya ko abincin ne bai yi mini ba. Sai na koma fita tun kafin a dama kunu, in ce aiki ne ya taso.

Aikin kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, domin ruwa ya lalata abubuwa da yawa. Ina tafe a babur cikin laka, cikina yana kiran ciroma, rana in ta samu fitowa ta dafa ƙasa har tururi ya tashi. Wata rana a Aliero na hau ƙarfe, na kai tsakiya sai na ji jiri, gonakin da ke ƙasa suka fara juyawa. Na rungume ƙarfen na rufe ido har ya lafa. Da na sauko na sayi dafaffen rogo a bakin hanya, na koma bayan ɗakin inji na ci a tsaye kamar ɓarawo.

Da aka yi albashi na nemo buhun masara da ƙyar a kasuwar Jega, na ɗauro a babur na kawo. Baba yana zaure yana gyaran igiya. Na sauke a gabansa na durƙusa.

"Mi ne ne wanga?"

"Baba, a ƙara a cikin na gida."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Ajiye ma iyalinka. Gini na gabanka, in kun koma mi za ku ci? Nan gidan ba a rasa ba tukuna."

Aka shigar da buhun shigifa, aka jingina shi kusa da littattafai. Daga baya Luba ta riƙa ɗiba a ɓoye tana zuba wa Inna a cikin nata, su biyu suka rufe maganar. Ni dai a idon gari, ina ci ne daga rumbun surukina.

Labarin ya riga mu isa ƙauyen. Ba wanda ya faɗa mini baƙar magana, amma sunana ya koma Mai Takardu. Wata rana bayan la'asar, an fito masallaci ana zaune a gindin bedi, wani ƙanen Baba mai son raha ya dube ni ya ce, "Injiniya, mun ji takardu sun tsira, mun yi murna. Ni dai tambaya gare ni, da wace miya aka cin su?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ni ma na yi. Baba bai yi ba, bai kuma ce komai ba, ya dai sunkuya yana jan carbi. Da ya tsawata wa ƙanen nasa, ko ya taya su dariyar, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni kaɗai ake yi wa ba. Wata safiya ina ɗaure jaka a babur na jiyo muryar wata mata daga cikin gida, ta zo ɗibar wuta, tana cewa, "Ke dai Luba, boko ya aure ki ya ɗauke miki wayo. Mace da ɗiya biyu ta bar hatsi ta ɗauki takarda?" Ban ji abin da Luba ta amsa ba. Wataƙila ba ta amsa ba.

Tun da muka zo ban buɗe littafi ko ɗaya ba. In na miƙa hannu sai in ji kamar duk ƙauyen na leƙe ta taga. Sai na yanke shawara in rabu da su. Dattijon tasha zai karɓa, ko da a wulaƙance, abin da ya bayar in sayo hatsi, in huta da ganinsu. Da sassafe na fito da kwali biyu ina ɗaurawa a babur. Sai ga Luba ta fito da kwanon kunu, tana ɗingisa ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Ta tsaya.

"Ina za ka da su?"

"Jega. Zan mayar wa mai su, in sayo gero."

Ta ajiye kwanon a kan dakali a hankali. Luba ba mai jayayya ba ce, tun da muka yi aure ban taɓa jin ta ce mini kar in yi abu ba.

"Malam, sauke su."

"Luba, abin da ya kamata ke nan. Da ma su ne..."

"Sauke su, don Allah." Ta rage murya don kada a ji a ciki. "Kowa na cewa na yi wauta. Ina jinsu, ina ƙyalewa, don na san abin da na ɗauko yana da daraja wajen mai shi. In ka kai su kasuwa ka amso tiya biyu ta gero, to ka tabbatar musu. Ka ce ke nan na shiga ruwa har ƙugu a kan abin da bai kai tiya biyu ba."

Can na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya.

"Me ya sa ba ki bar Sahabi ya ɗauki geron ba?"

Ta dubi ƙasa. "Gero ko ya tahi, ana samun wani, ga shi muna ci. Ni abin da na tuna, ka dawo ka iske su cikin laka. Ba faɗa za ka yi ba, na sani. Shiru za ka yi. Ban san ranar da shirun zai ƙare ba."

Ta ɗauki kwanon ta miƙo mini. "Sha ka tahi. Kullum sai ka gudu ka bar shi, Inna na lura."

Na kwance igiyar na mayar da kwalayen. Na sha kunun a tsaye a gabanta.

Ruwa ya fara ja baya. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, rana ta samu ƙarfi, raɓa ta fara sauka da safe. Gero ya yi kai, ya yi fari, ya nuna. Ranar da aka fara karyo tumu aka gasa, yaran gidan suka cika tsakar gida da murna, Safiya ta kawo mini nawa a shigifa bakinta baƙi ƙirin da toka. Ƙanshin tumun nan har yau ban ci abin da ya kai shi ba. Ranar yankan geron Baba na nemi wani abokin aiki ya riƙe mini waya, na bi gayya gona. Ban iya ba, na riƙa zama a baya, hannuna ya yi kanta ya fashe, ƙaiƙayi ya cika mini wuya. Ba wanda ya yi mini dariya a ranar. Da aka zauna shan fura, ƙanen Baban nan mai raha shi ya miƙo mini ludayi.

Bayan an ɗaure dammuna aka cika rumbu, Baba ya kwashi 'ya'yansa maza muka tafi Jega. Aka kwaɓa ƙasa, Sahabi yana kawo ruwa a amalanke, aka ta da katangar ɗakin ajiya, wannan karon da dutse a gindi. 'Yan'uwana suka aiko da sabon gero daga Birnin Malam. Da na je yi wa Baba godiya, na tsara magana mai tsawo a raina, amma da na durƙusa sai ta gudu. Shi ya taimake ni. Ya ce, "Allah shi kiyaye gaba. Ka riƙa kwana gida in ka ga hadari."

Ranar da za mu koma, da hantsi, Luba ta shigo shigifa tana taya ni mayar da littattafai cikin kwali. Tana ɗauka tana share ƙura da gefen mayafinta. Sai ta ciccibo wani ƙato mai baƙin bango, wanda kaurinsa ya kai bulo, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Wanga shi ya hi wahal da ni. Shi kaɗai na yi ma sawu guda, don bai shiga ko'ina ba. A kansa na taka abin da ya yanke ni." Ta juya shi, tana duban rubutun Turancin da ke bayansa. Luba tana karanta Hausa da Larabci, Turanci kuwa sai kaɗan. "Na ce lalle shi ne babbansu. Mi ke cikinsa?"

Na karɓa. Littafi ne na bayanin wata irin kwamfuta da aka daina amfani da ita tun kafin in fara aiki. Na saye shi ne don dattijon ya gaji da ɗaukarsa ya bar mini a banza-banza, kuma yana da kyau a kan katako. Wasu shafukansa ma a manne suke tun daga inda aka buga shi.

Ƙarya tana bakina a shirye. Da na ce mata shi ne tushen aikina, da shi nake ciyar da su, za ta yarda, za ta kuma ji daɗi. Na dubi tabon da ke ƙafarta.

Na ce, "Luba, ban taɓa karanta shi ba."

"Ko sau guda?"

"Ko shafi ɗaya. Na wata na'ura ce da babu ita yanzu. Ba shi da amfanin komai."

Ta kafa mini ido. Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da zai zo, domin na cancance shi. Sai na ji wani ɗan sauti. Na ɗago, na ga ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi. Ta zauna a kan akwatin ƙarfe ta yi ta yi, ba ƙara, har hawaye suka zubo mata, har na kasa gane ko dariyar ce har yanzu ko ta koma wani abu. Ni dai ina tsaye da littafin a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata.

Da ta lafa ta share fuska, ta karɓe shi daga hannuna, ta sa shi a can ƙasan kwali ta jera wasu a kai. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa.

"To," ta ce, "kar ka kuskura Inna ta ji."

Har Allah ya karɓi ran Inna, tana gaya wa mutane cewa 'yarta ta taɓa tsallakar da wani babban littafin ilimi daga ruwa. In tana faɗa a gabanmu, Luba takan ci gaba da abin da take yi, ni kuma in dubi ƙasa.